Tambayoyi da Amsoshi a kan Furucin Turanci "Under the Tutelage of": Ma'anarsa, Asalinsa da Inda Ya Dace

Duk wanda ya saba karanta tarihin manyan mutane da Turanci, ko ya taɓa halartar taron karrama wani farfesa ya ji ana karanto gwagwarmayar da ya sha, ko kuma yana bin sharhin ƙwallon ƙafa a jaridun Ingila, da wuya a ce bai ci karo da furucin "under the tutelage of" ba. Ɗalibai da yawa sukan ɗauko shi su saka a takardar neman tallafin karatu saboda yana da kwarjini a kunne, amma kaɗan ne daga cikinsu suke tsayawa su auna nauyin abin da suka faɗa. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda masu koyon Turanci da masu aikin fassara suka fi yi a kansa.

Mece ce ma'anar wannan furuci?

Idan Bature ya ce wani ya yi abu "under the tutelage of" wane, yana nufin cewa ya koyi abin ne a hannun wanen, kuma wanen yana tsaye a kansa, yana gyara masa kuskure, yana lura da yadda yake tafiya har ya ƙware. Koyarwa kaɗai ba ta isa a yi amfani da shi ba. Malamin da ya shigo ɗakin lacca ya yi wa ɗalibai ɗari uku bayani na awa biyu ya fita, babu shakka ya koyar, amma bai riƙi kowa a cikinsu ba, kuma bai san sunan mafi yawansu ba. Abin da furucin yake ɗauke da shi shi ne koyarwar da ta haɗu da kulawa irin ta wanda aka danƙa wa amana, wadda kuma ta ɗauki lokaci mai tsawo har ta bar alama a jikin wanda aka koyar.

Akwai kuma maganar fifiko a cikinsa, domin ɗaya yana sama ne, ɗaya yana ƙasa. Abokai biyu da suke bitar karatu tare, ko da ɗayansu ya fi ɗaya fahimta, ba a cewa wani yana ƙarƙashin "tutelage" ɗin wani, sai dai in ana raha.

Daga ina kalmar "tutelage" ta samo asali?

Daga harshen Latin ta fito, daga kalmar "tutela", wadda take nufin tsaro da riƙo, ita kuma ta fito ne daga aikatau "tueri", wato sa ido a kan abu domin kare shi. Babu maganar karatu ko kaɗan a tushen kalmar. A dokar Rumawa, idan uba ya rasu ya bar yaro ƙarami, akan naɗa masa wani babba da zai riƙe dukiyarsa, ya tsaya masa a gaban shari'a, har namiji ya kai shekara 14, mace kuma ta kai 12. Wannan riƙo shi ne "tutela", wanda aka naɗa kuma shi ne "tutor". Wanda ya san fiƙihu zai ga cewa wannan shi ne kusan aikin waliyyi ko wasiyyi da yake riƙe dukiyar maraya har ya mallaki hankalin kansa.

Kalmar ta shiga Turanci a farkon ƙarni na 17 da wannan ma'ana ta riƙo, sai daga baya, a ƙarni na 19, ma'anar koyarwa ta samu wurin zama a cikinta. Ba ita kaɗai ta yi wannan tafiya ba. Kalmar "tutor", wadda a yau take nufin malamin da yake koyar da mutum ɗaya ko 'yan kaɗan, da kalmar "tuition", wadda Turawan Ingila suke nufin koyarwa da ita, Amurkawa kuma kuɗin makaranta, duka 'yan gida ɗaya ne, kuma duka sun fara ne daga tsaro kafin su koma ilimi. Bambancin shi ne waɗancan biyun sun kusan manta asalinsu, ita kuwa "tutelage" har gobe ƙamshin riƙon yana nan a jikinta. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin abin da ya sa ake yin kuskure da ita.

Shin karin magana ne?

Ba karin magana ba ne a yadda Bahaushe ya san karin magana, domin ba ya ɗauke da wata hikima a dunƙule, kuma ba ya tsayawa da ƙafarsa. Daskararren furuci ne, wato jerin kalmomin da suka saba tafiya tare har ya zama ba a raba su, kuma ba a musanya ɗaya da wata. Masu ƙamus sukan jera shi tare da salon magana saboda kalmar "tutelage" da wuya a gan ta ita kaɗai ba tare da "under" a gabanta ba.

Yaya ake furta ta?

Gaɓa uku ce, kuma nauyin murya yana kan gaɓar farko. Turawan Ingila suna cewa wani abu kamar "tyu-ti-lij", Amurkawa kuma "tu-ti-lij". Ƙarshenta daidai yake da ƙarshen kalmar "village" ko "manage", don haka jan gaɓar ƙarshe a ce "tute-leij", kamar yadda ake yawan ji a wuraren taro, kuskure ne.

Yaya ake gina jimla da shi, kuma waɗanne kurakurai aka fi yi?

Siga biyu ce ta fi yawa. Ta farko ita ce cikakkiya, kamar a ce "She trained under the tutelage of a senior surgeon", ma'ana ta samu horo a hannun wani babban likitan tiyata. Ta biyu ita ce ta mallaka, inda ake kawo sunan malamin ko wakilin sunansa kafin kalmar, kamar "under his tutelage" ko "under Ferguson's tutelage". A siga ta farko dole ne a kawo "the" kafin kalmar da "of" bayanta, a ta biyu kuma ba a kawo ko ɗaya. Akan ƙara sifa idan ana so a nuna irin riƙon, kamar "careful", "strict" ko "watchful", wato riƙo na natsuwa, ko na tsanani, ko na sa ido.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zubar da "the", a rubuta "under tutelage of", abin da yake faruwa saboda Hausa ba ta da irin wannan kalma a gaban suna, sai hannu ya tsallake ta. Bayansa sai yi mata jam'i, alhali ba a ƙirga ta, don haka ko malamai biyar ne suka riƙi mutum ba a rubuta "tutelages". Wasu kuma sukan mai da ita aikatau su ce wane ya "tutelage" su, wanda babu shi a Turanci, aikatau ɗin da ya dace shi ne "tutored", "trained" ko "mentored". A wajen rubutu kuma, harafin da ke tsakiya "e" ne, ba "i" ba ne kuma ba "o" ba ne, duk da kusancinta da "tutor".

Kuskuren da ya fi muni, domin yana juya magana kai ƙasa, shi ne rikita mai mallakar riƙon. A wannan furuci, riƙon na malami ne, ba na ɗalibi ba. Idan ɗalibi ya rubuta "under my tutelage with Professor" wane, yana so ya ce lokacin da yake karatu a wurinsa, to abin da mai karatu zai fahimta shi ne ɗalibin ne ya koyar da farfesan.

A ba mu misalan da furucin ya zauna daram.

Wani misali da marubutan Turanci sukan kawo shi ne na Iskandar (Alexander the Great), ɗan Sarki Filib na biyu na Makidoniya, wanda mahaifinsa ya kirawo masa masanin falsafa Aristotle a shekara ta 343 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, lokacin yaron yana da shekara 13, ya riƙe shi na kimanin shekara uku a wani wuri da ake kira Mieza. Haka nan Leonardo da Vinci, wanda ya shiga shagon mai zane da sassaƙa Andrea del Verrocchio a birnin Florence yana matashi, ya yi shekaru yana koyon sana'a a can, irin zaman da yaron maƙeri ko na madunki yake yi a wurin ubangidansa.

A fagen wasanni ne aka fi jin sa a yau. Cristiano Ronaldo ya je Manchester United a 2003 yana ɗan shekara 18, ya bar ta a 2009 bayan ya ci kyautar Ballon d'Or a 2008, kuma duk wannan tsawon lokaci Alex Ferguson ne kocinsa, don haka idan aka ce ya zama gwani "under Ferguson's tutelage" babu wanda zai ja. Mikel Arteta kuma ya yi mataimakin Pep Guardiola a Manchester City daga 2016 zuwa ƙarshen 2019 kafin ya karɓi Arsenal, wanda ya nuna cewa ba sai yaro ba, babban mutum ma yana iya zama a wannan matsayi idan sabon aiki yake koya.

Sai dai a ganina babu misalin da ya kai na ɗan damben nan Mike Tyson da mai horar da shi Cus D'Amato. Tsohon ya ɗauko yaron daga gidan gyaran hali yana ɗan shekara goma sha wani abu, ya zaunar da shi a gidan da yake zaune a garin Catskill na jihar New York, ya koya masa dambe, bayan rasuwar mahaifiyarsa kuma ya zama waliyyinsa a hukumance. D'Amato ya rasu a watan Nuwamba na 1985, shekara ɗaya kafin Tyson ya zama zakaran duniya a ajin masu nauyi yana da shekara 20. A nan tsohuwar ma'anar Rumawa da sabuwar ma'anar koyarwa sun haɗu a kan mutum ɗaya, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Yaya ya kamata a faɗe shi da Hausa?

Hausa ba ta rasa hanyar faɗinsa ba, har ma ta fi Turanci rarrabewa a wannan fage, domin al'ummar da ta daɗe da karatun zaure da koyon sana'a a wurin ubangida ba za ta rasa kalmomin da za ta bayyana su ba. Idan ilimi ake magana, sai a ce "ya yi karatu a wurin wane", ko "ya yi karatu a gaban wane", ko kuma kai tsaye "almajirin wane ne". Idan sana'a ce ko wasa, sai a ce "a hannun wane ya koya", ko "wane ne ya horar da shi". Idan kuwa ana so a fito da ɓangaren riƙo, babu kamar "a hannunsa ya tashi", domin wannan ya haɗa tarbiyya da ilimi a numfashi ɗaya.

Masu rubuta tarihin Daular Usmaniyya ta Sakkwato da Turanci sukan yi amfani da wannan furuci idan suka zo kan zaman da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi a wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya bi har Agadas, ko kan karatun da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello suka yi a gabansa. Mai fassara irin wannan rubutu zuwa Hausa bai kamata ya wahalar da kansa ba, domin maganar daga gida ta fita tun farko, mayar da ita kawai zai yi. Abin da ya kamata a guje wa shi ne fassarar kalma da kalma irin "a ƙarƙashin koyarwar wane", wadda ake ji a wasu labaran rediyo. Ana gane ta, amma Bahaushe ba ya zama a ƙarƙashin koyarwa, a gaban malami yake zama. Turanci ya ɗauki hoton inuwa da ke saman mutum, Hausa kuma ta ɗauki hoton hannu da na buzun da aka shimfiɗa a zaure.

Mene ne bambancinsa da sauran furuce-furucen da suka yi kama da shi?

Wanda ya fi kusa da shi a ma'ana shi ne "to take someone under one's wing", wato mutum ya sa wani a ƙarƙashin fiffikensa kamar yadda kaza take rufe 'yan tsakinta. Wannan ya fi taushi, ya fi dacewa da hira, kuma nauyinsa yana kan kariya da tausayi, ba lallai a samu wani darasi a ciki ba. Tsohon ma'aikacin da ya ga sabon yaro yana rawar jiki a ofis ya jawo shi kusa, shi aka fi faɗa wa haka. Akwai kuma "to sit at the feet of", zama a wajen ƙafafun malami, wanda ya shahara a Turanci daga Littafi Mai Tsarki, inda Bulus ya faɗi cewa ya yi karatu a gaban malamin Yahudawa Gamaliyel. Shi ne ya fi kama da zaman almajiri, amma ya tsufa, kuma a yau yakan zo da ɗan ƙamshin zolaya idan ba a kan wani babban shehi ake magana ba.

Kalmar "mentor" kuwa sunan mutum ce a asali. A tsohuwar waƙar Girkawa ta Odyssey, shi ne abokin da Odysseus ya bar wa amanar gidansa da ɗansa lokacin da zai tafi yaƙin Troy, kuma wani littafin Faransanci na marubuci Fénelon da ya fito a 1699 ne ya yaɗa sunan har ya zama kalmar gama-gari. A nan ma riƙon amana ne ya rikiɗe ya zama koyarwa. A amfanin yau, "mentor" mai ba da shawara ne wanda mutum zai iya ɗauka ko ya bari, ba shi da iko a kan wanda yake yi wa jagora, shi kuwa "tutelage" akwai iko a cikinsa.

Biyun da aka fi rikitawa da shi su ne "under the aegis of" da "under the auspices of", kuma dalilin rikicin bai wuce kamannin siga ba. Na farkon ya fito ne daga sunan garkuwar alloli Zeus da Athena a tatsuniyoyin Girka, na biyun kuma daga al'adar Rumawa ta duba tashin tsuntsaye kafin su shiga wani babban al'amari. Dukansu suna nufin goyon bayan wata hukuma ko ɗaukar nauyinta, kamar taron sulhu da aka yi bisa jagorancin Majalisar Ɗinkin Duniya. Babu malami, babu ɗalibi a cikinsu. Wanda ya rubuta cewa an shirya taron ƙara wa juna sani "under the tutelage of" wata ma'aikata, kusan kullum "auspices" yake nema.

Zan iya amfani da shi a takardar neman aiki ko ta tallafin karatu?

Za a iya, amma da sharaɗin cewa maganar gaskiya ce, domin wannan furuci da'awa ce a kan alaƙa tsakanin mutum biyu, kuma da'awa ce da ake iya bincikawa. Na taɓa duba wata takarda da wani matashi ya rubuta cewa ya ƙware a bincike "under the tutelage of" wani sanannen farfesa, da na tambaye shi sai ya ce bita ce ta kwana biyu farfesan ya gabatar, su kusan ɗari a zauren. Ba da niyyar ƙarya ya rubuta ba, dogon Turanci ne ya ja shi. Sai dai kwamitin da zai karanta takardar zai ɗauka cewa farfesan ya san shi, zai kuma yi mamakin rashin ganin wasiƙar shaida daga gare shi. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne mutum ya mai da jimlar Hausa ya tambayi kansa ko zai iya cewa "a hannunsa na koya" a gaban malamin ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Ko da maganar gaskiya ce, akwai wuraren da wata kalmar ta fi dacewa. A shafin farko na kundin digiri, da duk wata takarda ta hukuma, kalmar da jami'o'i suka sani ita ce "under the supervision of", domin ita ce sunan aikin da aka ba malamin a rubuce. A shafin godiya ne "tutelage" take samun gurbi, inda ɗalibi yake so ya nuna cewa abin da ya samu ya wuce duba babi da sa hannu. Wasu sana'o'in ma suna da tasu kalmar, misali lauyoyin Ingila da ake kira "barristers" suna kiran watanni 12 da sabon lauya yake yi a hannun babba "pupillage". A takardar CV kuwa, inda kowane layi yake da tsada, "studied under" ko "trained under" sun isar da saƙon da kalmomi biyu, kuma Turawa da kansu sun fi amfani da su. Sau ɗaya a takarda ya isa. Idan ya fito sau uku, mai karatu zai gane cewa marubucin ya tsinci kalma ce yana ɗoki.

Idan aka ce wani ya zauna a ƙarƙashin "tutelage" ɗin wani, yana nufin ra'ayinsu ɗaya ke nan?

A'a. Furucin yana bayyana wani zango ne na rayuwa, ba mubaya'a ta har abada ba. Aristotle ya yi kimanin shekara 20 a makarantar Plato a birnin Atina, amma daga baya ya saɓa masa a manyan mas'aloli. Shi ma Shehu Usmanu ya saɓa wa Malam Jibrilu a kan hukuncin mai aikata manyan zunubai, ba tare da hakan ya rage darajar malamin a idonsa ba. Saboda haka ne aka fi amfani da furucin a kan abin da ya wuce. Idan aka faɗe shi a kan mutumin da ya riga ya girma a fagensa, aka ce har yanzu yana ƙarƙashin "tutelage" ɗin wane, to sau da yawa suka ce a fakaice, daidai da a ce da gwamna har yanzu yaron wane ne.

Me ya sa wani lokaci ake jin kalmar a maganar siyasa, kuma da ɗaci?

Saboda tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, kuma riƙon da ya yi kyau a kan maraya ba ya yin kyau a kan al'umma sukutum. Sashe na 22 na yarjejeniyar da ta kafa ƙungiyar ƙasashen duniya ta farko a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya yi amfani da ainihin wannan kalma, inda ya ce a danƙa "tutelage" na al'ummomin da aka ƙwace daga hannun Jamus da Daular Turkiyya ga ƙasashen da ya kira waɗanda suka ci gaba, bisa hujjar cewa waɗancan ba su kai su tsaya da ƙafarsu ba tukuna. Ta haka aka raba Kamaru da Togo tsakanin Ingila da Faransa, aka ba Ingila Tanganyika da Iraƙi, aka ba Faransa Siriya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Majalisar Ɗinkin Duniya ta gaji wannan tsari a kan yankunan Afirka. Mutanen Mubi, Ganye, Gwoza da tsaunin Mambila sun rayu a ƙarƙashinsa har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairu na 1961, wadda ta kai yankin ga shiga Najeriya a ranar 1 ga Yuni na shekarar, aka kuma raɗa masa suna Lardin Sardauna.

A ƙasar Sin ma, jagoran juyin juya hali Sun Yat-sen ya tsara cewa ƙasa za ta bi matakai uku, mulkin soja, sannan wani zango da ake fassarawa da Turanci "political tutelage", inda jam'iyya ɗaya za ta riƙi jama'a tana koya musu mulkin kai, sannan mulkin tsarin mulki. Jam'iyyarsa ta Kuomintang ta shelanta shiga zango na biyu a 1928, kuma ba a fita daga cikinsa a takarda ba sai da tsarin mulkin 1947. Don haka idan marubucin jarida ya ce wata ƙasa tana ƙarƙashin "tutelage" na wata ƙasa ko na masu ba da bashi, ba yabo yake yi ba, yana cewa ne ana riƙe da ita kamar yaron da bai balaga ba. A irin wannan wuri fassarar da ta dace ita ce "riƙo", ko a ce ana juya akalarta, ba a kawo maganar karatu.

Ga wanda ya yi boko da Faransanci, shin daidai take da "tutelle"?

Uwarsu ɗaya, amma sun rabu a hanya, kuma masu karatu daga Nijar, Cadi da Kamaru su ne suka fi faɗawa wannan rami. A Faransanci kalmar ta tsaya a kan riƙo da iko. Ita ce ake kiran ma'aikatar da wata hukuma take ƙarƙashinta, "ministère de tutelle", ita ce kuma sunan majalisar riƙon yankuna ta Majalisar Ɗinkin Duniya, "Conseil de tutelle", wadda Turanci yake kira "Trusteeship Council". Idan aka ce an sa baligi "sous tutelle", ana nufin kotu ta ga ba zai iya kula da al'amuransa ba. Inda kawai ta kusanci ilimi shi ne "cotutelle", wato digirin digirgir da jami'o'i biyu suke haɗuwa su kula da shi. Saboda haka ɗan Maraɗi ko Damagaram da yake so ya ce hukumarsu tana ƙarƙashin ma'aikatar lafiya kada ya rubuta "under the tutelage of the Ministry", abin da ya dace shi ne "under the authority of" ko "overseen by".

Malami zai iya cewa "under my tutelage" a kan ɗalibinsa?

A nahawu babu laifi, kuma akwai wuri guda da aka saba ganinsa, wato wasiƙar shaida da malami yake rubuta wa ɗalibinsa, inda ake bukatar ya faɗi tsawon lokacin da ya san shi da kuma matsayin da ya san shi a kai. Ko a nan ma malamai da yawa sun fi son su rubuta "I supervised her for three years" ko "he worked with me", su bar aikin ɗalibin ya yi magana. A wajen wasiƙa kuwa, musamman bayan ɗalibin ya shahara, mutum ya miƙe a taro ya ce wane ya zama abin da ya zama "under my tutelage" yana da ɗanɗanon yabon kai, kuma kunnen Bature yana jin hakan kamar yadda kunnen Bahaushe yake jin "ai ni na yi shi". Furucin ya fi daɗi a bakin ɗalibi, ko a bakin mutum na uku da yake karanta tarihin ɗayansu a ranar karramawa ko ranar ta'aziyya.